Shafi ɗaya, kamanni biyu: me ke raba Chrome da Safari?

Tambaya: Na fara koyon gina shafukan intanet. Na yi wani shafi, a Chrome komai ya zauna daram, amma da aka buɗe shi a wata tsohuwar iPhone sai maɓallai suka manne da juna, wurin zaɓar kwanan wata ma ya sauya kama. Shin babu ƙa'ida ɗaya da duk burauzoji ke bi ne? In akwai, wa ya kafa ta? Kuma ba zai fi ba a ce kowa ya koma burauza ɗaya a huta?

Amsa: Ƙa'idoji akwai su, ɗan'uwa, a rubuce, kuma kowa na iya karanta su kyauta. Abin da babu shi ne mai tilasta bin su. Babu kotun da za ta ci wani kamfani tara don ya ƙi saka wani sashe na CSS a burauzarsa. Ƙa'idar yanar gizo yarjejeniya ce tsakanin masu ƙera burauza, kuma ba ta da rai sai ranar da suka saka ta a cikin injunansu.

Abin da sabar ke aika wa mai ziyara ba hoton shafinka ba ne, rubutu ne zalla: HTML, CSS da JavaScript. Mai karanta rubutun ya zana shi a allo shi ne injin da ke cikin burauza. Burauzoji suna da yawa, amma manyan injuna uku suka rage. Akwai Blink, wanda Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet ke aiki da shi. Akwai WebKit na Safari, sai Gecko na Firefox. Blink ɗin ma daga WebKit Google ya ɓalle shi a 2013, shi kuma WebKit daga wani tsohon inji mai suna KHTML Apple ya samo shi, sai dai shekarun da suka yi a rabe sun sa kowanne ya kama hanyarsa. A iPhone kuwa, Apple ya daɗe yana shar'anta cewa kowace burauza da WebKit za ta yi aiki. Chrome ɗin da ke iPhone, Safari ne a cikin rigar Chrome. Sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa aka buɗe wa wasu injuna ƙofa a ƙasashenta.

Matsalolinka biyu ba iri ɗaya ba ne. Wurin zaɓar kwanan wata bai lalace ba. Ƙa'idar HTML ta fayyace yadda za a aika ranar da aka zaɓa zuwa sabar, wato shekara, wata, rana, amma da gangan ta bar wa kowace na'ura ta nuna kalandar yadda masu ita suka saba. Maɓallan kuma, tunda ban ga kod ɗinka ba, abin da na fi zato shi ne ka jera su da flexbox, tsarin jera abubuwa na CSS, ka raba su da gap, wato umarnin barin tazara tsakaninsu. Firefox ya samu wannan a 2018, Chrome a 2020, Safari kuma sai a 2021. Da yake Safari na waya ba ya sabuntuwa sai tare da iOS ɗin gaba ɗaya, wayar da ta tsaya a tsohuwar siga ba ta san gap a flexbox ba, sai ta tsallake layin ta yi gaba ba tare da ta ce uffan ba. Yawancin saɓanin yau irin wannan ne, ƙa'ida ɗaya amma ranar isowa daban. A da kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarinsa a cibiyar CERN a 1989, ya rubuta burauza ta farko a 1990, kuma alamomin HTML na wancan lokacin ba su kai 20 ba. Babu ma hanyar saka hoto a tsakiyar rubutu. A Fabrairun 1993 Marc Andreessen, ɗaya daga cikin masu haɗa burauzar Mosaic a Jami'ar Illinois, ya kawo shawarar alamar img. Wasu suka kawo nasu tsarin, ana cikin muhawara Mosaic ya fito da img a cikinsa, mutane suka fara amfani da ita, magana ta ƙare. Har gobe da ita kake saka hoto. Ka lura da jerin: an saka a burauza, jama'a sun karɓa, daga baya aka rubuta ƙa'ida. Berners-Lee ya kafa W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, a Oktoban 1994 don a riƙa zama a daidaita, amma kasuwa ta fi zaman sauri.

Netscape ya fito a ƙarshen 1994, Internet Explorer na Microsoft ya biyo a Agustan 1995, daga nan kowa ya shiga ƙirƙiro abin da abokin hamayyarsa ba shi da shi. Netscape ya kawo blink mai sa rubutu ƙyaftawa, Microsoft ya kawo marquee mai sa shi gudu. Brendan Eich ya haɗa JavaScript a Netscape cikin kwana 10 a 1995, Microsoft ya kwaikwaye shi ya sa masa suna JScript, sai da aka kai harshen ƙungiyar Ecma a Jeniba aka fitar masa da ƙa'ida a 1997. A shekarar ce kuma rikicin ya kai ƙololuwa, domin in kana son motsa wani abu a shafi, a Netscape 4 da document.layers za ka kama shi, a Internet Explorer 4 da document.all. Sai magina suka koma rubuta kod biyu don shafi ɗaya, waɗanda ba su da wannan ƙarfin kuma su manna sanarwa a ƙasan shafi cewa da burauza kaza ya fi kyau a kalle shi. Wannan asarar ce ta sa wasu magina, cikinsu har da Jeffrey Zeldman, suka kafa Web Standards Project a 1998 don matsa wa kamfanonin biyu lamba.

Misali ɗaya daga wancan zamanin ya cancanci ka san shi da kyau, don har yau kana taka sawunsa. A ƙa'idar CSS ta 1996, in ka ce faɗin akwati 300 ne, ka ba shi tazarar ciki 20 da layin gefe 5 a kowane ɓangare, abin da zai ci a allo 350 ne, domin ana ɗora tazara da layi a kan faɗin. Internet Explorer 5 na Windows kuwa 300 yake zanawa, ya matse abin da ke ciki. An riga an gina ɗimbin shafuka a kan wannan lissafin, ranar da aka gyara shi duk za su karkace. Dabarar da aka samo, wadda ta fara a Internet Explorer 5 na Mac a 2000, ita ce burauza ta duba layin farko na shafi. In ta ga doctype, wato layin da ke sanar da nau'in HTML ɗin shafin, irin na zamani sai ta bi ƙa'ida, in ba ta gani ba sai ta ɗauka tsohon shafi ne ta kwaikwayi kurakuran da. Wannan yanayin na biyu yana nan a cikin dukkan injunan uku har yanzu, shi ya sa ake ce maka kada ka taɓa mance doctype. Abin dariyar shi ne lissafin Microsoft ya fi dacewa da hankalin mai zane. Daga baya an saka shi a CSS da sunan box-sizing: border-box, kuma da wuya ka ga ƙwararre ya fara aiki bai rubuta shi ba.

Yanzu ga tambayarka ta burauza ɗaya: an taɓa gwadawa. Netscape ya faɗi, Internet Explorer 6 ya fito a Agustan 2001, kuma a shekarun da suka biyo baya sama da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da Internet Explorer suke shiga. Da farko magina sun ji daɗi, tunda wuri ɗaya za a gwada. Sai Microsoft ya ga babu mai bin sa a baya, ya jingine aikin, aka yi shekara 5 ba sabuwar siga, sai a Oktoban 2006. Duk tsawon lokacin yana cin karensa babu babbaka, kurakuransa suka zama su ne ƙa'ida, kamfanoni suka gina manhajojin cikin gida da ba sa buɗuwa sai a cikinsa. Koriya ta Kudu ta ɗaure harkar banki da sayayya ta intanet da fasahar ActiveX, wadda a Internet Explorer kaɗai take aiki, ta shafe fiye da shekara 10 kafin ta kwance kanta. Amma a faɗi gaskiya, Microsoft ya bar alheri ma. XMLHttpRequest, wanda ya ba shafi damar ɗauko bayani ba tare da ya sake loduwa ba, daga wurinsa ya fito, haka innerHTML. Sauran suka kwaikwaya, aka rubuta musu ƙa'ida daga baya.

Babin da na fi so ka fahimta shi ne na 2004, don a nan aka gane yadda ƙa'ida ke cin nasara da yadda take mutuwa. W3C ta yanke cewa HTML ya cika shirme, gara a koma XHTML, wanda aka gina a kan XML. Tsarin yana da tsafta, amma sharaɗinsa mai tsauri ne: in ka buɗe alama ɗaya ka mance ba ka rufe ba, burauza za ta ƙi nuna shafin baki ɗaya, ta nuna saƙon kuskure. Sigarsa ta 2 ma ba ta damu da jituwa da shafukan da ake da su ba. To, yawancin shafukan duniya cike suke da irin waɗannan kurakuran, kuma mai ziyara ba ruwansa da wa ya yi laifi, in shafi ya ƙi buɗuwa burauzar zai sauya. A wani taron W3C a watan Yunin 2004, Mozilla, masu Firefox, da Opera suka nemi a ci gaba da bunƙasa HTML yadda yake, aka kaɗa ƙuri'a suka sha kaye. Sai mutanensu da na Apple suka ware suka kafa WHATWG, Ian Hickson ya zama editan kundin.

Aikin da suka yi ba mai ƙyalli ba ne. Sun zauna sun binciki yadda burauzoji ke yi da gurɓataccen HTML, alamar da aka rufe ba a kan tsari ba, tebur da aka cusa wa rubutu a inda bai dace ba, suka rubuta mataki-mataki abin da inji zai yi a kowane hali. Kafin nan ƙa'idoji na bayanin shafi mai kyau ne kawai, su bar kowace burauza ta yi hasashen yadda za ta yi da maras kyau, alhali a nan ne saɓanin yake. Tun da injuna suka ɗauki wannan tsarin, wajen 2010 zuwa 2012, shafi ko ya karye, iri ɗaya yake karyewa a ko'ina. A ganina babu wani abu guda da ya rage wahalar magina kamar wannan. W3C ta dawo kan HTML a 2007, ta yi watsi da XHTML 2 a 2009, ta amince da HTML5 a Oktoban 2014, a 2019 kuma ta sa hannu cewa kundin WHATWG, wanda ake sabuntawa kullum ba tare da lambar siga ba, shi ne abin dogaro.

Yau aikin a rarrabe yake: HTML da DOM, wato hanyar da JavaScript ke taɓa sassan shafi, na hannun WHATWG, CSS na W3C, JavaScript na kwamitin TC39 a Ecma, HTTP, yaren da burauza da sabar ke magana da shi, kuma na ƙungiyar IETF. Darasin da duk suka ɗauka shi ne ba a kammala ƙa'ida sai an samu aƙalla injuna biyu masu zaman kansu sun aiwatar da ita. Web SQL, wani tsarin adana bayanai a cikin burauza, ya mutu a 2010 a kan wannan sharaɗin. Chrome da Safari da Opera duk sun saka shi, amma dukkansu manhajar SQLite suka dasa a ciki, wato aiwatarwa ɗaya ce aka maimaita. Mozilla ya ƙi, aka koma wani tsarin mai suna IndexedDB.

Akwai kuma dokar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, ko da yake ba kotu ta kafa ta ba: kada a karya shafin da ke aiki. Ita ce ta haifar da abubuwan ban mamaki da za ka riƙa cin karo da su. Kowace burauza tana gabatar da kanta ga sabar da wani layin rubutu, kuma kusan dukkansu da "Mozilla/5.0" suke farawa. Dalili, Mozilla shi ne sunan Netscape na cikin gida, shafuka kuma a da suna duba sunan kafin su aika siga mai kyau, sai Internet Explorer ya ara, na bayansa ma suka ara. Layin Chrome na yau yana ambaton Mozilla da AppleWebKit da KHTML da Gecko da Safari, duk don kada wani tsohon kod ya kore shi. Da Opera ya kai siga ta 10, dole ya riƙa cewa shi 9.80 ne, saboda shafukan da ke karanta lamba ɗaya tak suna ɗaukar sa siga ta 1. A 2018 kwamitin TC39 ya so ƙara wa JavaScript wani aiki mai suna flatten, aka gano zai karya shafukan da ke amfani da tsohuwar sigar wani tarin kod na JavaScript mai suna MooTools, sai aka sauya masa suna zuwa flat.

Mafi darasi a cikinsu shi ne na -webkit-. An ƙirƙiro irin waɗannan alamomin ne don kowane inji ya gwada sabon abu da sunansa kafin a daidaita. Da iPhone da Android suka mamaye wayoyi, dukkansu da WebKit a lokacin, magina suka riƙa rubuta -webkit- kaɗai suna mancewa da sauran. Shafuka suka riƙa fita a karkace a Opera da Firefox na waya, har suka ga babu mafita sai su koya wa injunansu gane -webkit- ɗin. Opera ya yi a 2012, Firefox a 2016, yanzu ma akwai kundin ƙa'ida na musamman a kansa. Ka ga a nan ba kamfani ne ya karya ƙa'ida ba, magina ne da suka gwada a wuri ɗaya suka tafi.

Shi ya sa ba na goyon bayan a koma inji ɗaya, ko da kuwa mai kyau ne. Opera ya ajiye injinsa Presto a 2013, Microsoft ya ajiye nasa ya mai da Edge kan Chromium, tushen kod ɗin Chrome mai injin Blink, a 2020, aka yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. Chrome shi kaɗai ya haura kashi 60 cikin 100 na kasuwa. Gaskiya ne halin ya bambanta da na 2001, don kod ɗin Chromium a buɗe yake, ana kuma sabunta shi duk bayan 'yan makonni. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. In inji ɗaya ne, duk abin da ya yi shi ne daidai, babu wanda za a auna shi da shi a gane kuskure, kuma babu mai cewa a'a. Kamfanin da ke jagorantar Chromium da talla yake samun yawancin kuɗinsa. Firefox ya fara toshe kukis masu bin sawun mutane kai tsaye a 2019, Safari ya toshe kukis na ɓangare na uku, wato waɗanda wani shafi daban da wanda kake kai ke dasawa, gaba ɗaya a 2020, Google kuwa a 2020 ya yi alkawarin cire su, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya janye. Da ya kawo tsarin FLoC na rarraba mutane rukuni-rukuni don talla a 2021, sauran suka ƙi karɓa, ya ajiye shi. Ba ina wanke sauran ba ne. Hana wasu injuna shiga iPhone ya rage wa Apple matsin da zai sa ya hanzarta, Mozilla kuma mafi yawan kuɗinsa daga yarjejeniyar bincike da Google yake zuwa. Duk da haka uku masu jayayya sun fi ɗaya mai yanke hukunci shi kaɗai.

Kuma jayayyar ta yi sauƙi sosai. Injunan uku yanzu suna gwada kansu da tarin gwaje-gwaje guda da suke rubutawa tare, tun 2022 kuma duk shekara suna zaɓar wuraren da suka fi saɓawa su gyara a ƙarƙashin shirin Interop. CSS Grid ya isa Firefox da Chrome da Safari a wata ɗaya, Maris 2017, abin da ba a taɓa mafarkinsa ba a zamanin Netscape.

Abin da ya rage naka ne. Kafin ka yi amfani da sabon abu, duba shi a shafin caniuse ko na MDN. Za ka ga alamar Baseline, wadda ke nuna ya isa dukkan manyan burauzoji, in kuma ya cika wata 30 da isa ana ɗaukar sa ya yaɗu. Kada ka tambayi burauza sunanta, ka riga ka ga duk ƙarya suke yi. Tambaye ta ko ta iya abin, da @supports a CSS ko da gwaji a JavaScript. Sai dai a kan gap ɗin nan akwai tarko: tsohon Safari zai amsa maka da e, don ya san gap a Grid, a flexbox ne bai san shi ba. In dole ne ka riƙe masu irin waɗannan wayoyin, raba maɓallan da margin, ko ka jera su da Grid. Ka gina shafin ta yadda ko wani ado ya faɗi, rubutu zai karantu, fom kuma zai tafi.

Tunda ka shiga harkar kwanan wata, ka kiyaye wani ramin da ke kusa. In ka ba JavaScript rana da lokaci da fili a tsakaninsu, kamar 2024-03-05 10:00, Chrome zai yi maka uzuri ya karanta, tsofaffin sigogin Safari kuwa za su ce ba su gane ba. A nan Safari bai yi laifi ba, domin sigar da ƙa'ida ta lamunce ita ce mai harafin T a wurin filin. Haka 100vh, wato cikakken tsayin allo a CSS, a waya yakan zarce abin da ido ke gani saboda sandar adireshi mai ɓuya da fitowa, shi ya sa aka ƙaro dvh da svh a 2022.

Wurin gwaji kuma, ƙanƙance tagar Chrome ta koma girman waya ba ya mai da shi Safari, Blink ne dai har yanzu. In kana da Mac, haɗa iPhone ɗin da kebul ka kunna Web Inspector, za ka ga layin da injin ya tsallake. In ba ka da shi, kayan gwaji mai suna Playwright yana kunna WebKit a Windows da Linux, burauzar GNOME Web ma da WebKit take aiki. Waɗannan sabon WebKit za su nuna maka, don haka wannan tsohuwar wayar da ta tona matsalar ka riƙe ta a cikin kayan gwajinka, kada ka sabunta ta.